Makon Da Ƙurar Arewa Ta Rufe Legas: Tarihin Hunturu Da 'Yan Ci-rani

  Yau tarihi za mu taɓa, tarihin iska. Iskar nan dai da ke fasa mana leɓe da dunduniya, ta mai da wankan asuba jarrabawa. Daga Gwarzo nake magana, amma labarin zai fara ne daga bakin teku, ku biyo ni a hankali.

A mako na biyu na watan Fabrairun 2020, hazo ya sauka a Legas ya ƙi tashi. Gari ya yi fari fat, rana ta koma kamar faifai, kana iya kallonta ido da ido. Jiragen sama manya na British Airways da Emirates da Delta suka riƙa zuwa suna kasa sauka a filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja, sai a karkatar da su Accra ta ƙasar Gana, garin da kakanninmu ke kira Ankara. An yi rashin sa'a, na'urar da ke yi wa jirgi jagora ya sauka cikin hazo ana tsakiyar sabunta ta, ba ta aiki yadda ya kamata. Fasinjoji suka yi kwanaki a ƙasar da ba ita suka nufa ba. Jaridu suka ɗauka, gidajen talabijin suka ɗauka, ƙura ta zama babban labarin ƙasa.

To, a wannan watan dai, ranar 1 ga Fabrairu, gwamnatin Legas ta fara aiwatar da dokar hana acaɓa da Keke a manyan sassan birnin, irin su Ikeja, Apapa, Surulere da tsibirin Legas. Kowa ya san su waye da yawa daga masu tuƙa baburan nan. Yaranmu ne: na Kano, na Katsina, na Jigawa, na Borno, har da na Nijar. Ni da idona na ga manyan motoci suna sauke babura da samari a bakin titin Gwarzo a makonnin da suka biyo baya, kowa ya yi buɗu-buɗu, ba mai dariya. Ba zan tsaya zagin Legas ba, don mu ma Kano ta hana acaɓa tun Janairun 2013. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a wata guda baƙi biyu daga Arewa suka dami Legas. Ɗaya ta hana jiragen masu kuɗi sauka, duniya ta ji. Ɗayan kuma aka ce ya tattara ya san inda dare ya yi masa.

Abubuwa uku ne ke barin Arewa su nufi teku a lokacin hunturu: ƙura, kayan gwari, da samari. Ƙura tsarin Allah ce, ba mai tare ta. Kayan gwari arziki ne. Tafiyar samari kuwa tarihi ne ya ƙera ta, kuma abin da mutane suka ƙera, mutane na iya gyara shi. Maganar yau ke nan.

Mu fara da ƙurar. Daga ina take?

Mafi yawan hazon da ke rufe mu yana tasowa ne daga wani kwari a arewacin ƙasar Cadi da ake kira Bodele, kusa da garin Faya. Masana sun ce babu wani wuri guda a duniya da ya kai shi tayar da ƙura. Iska ce ke matsowa ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, kamar yadda ruwa ke ƙara ƙarfi idan ya shiga matsattsiyar kwata, sai ta faɗo kwarin ta kwashi gari ta yi sama da shi. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu ya iso Kano. Shi ya sa masu hasashen yanayi ke iya cewa gobe ko jibi za a tashi da hazo, don sun riga sun ga tashinsa a can.

Ga abin mamakin: wannan kwarin a da ƙasan tafki ne. Kimanin shekaru 7,000 da suka wuce, Tafkin Cadi ya yi girman da ya haura kashi ɗaya cikin uku na faɗin Najeriyar yau. Da ya janye, sai ya bar farar laka cike da ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa da ido ba ya gani. Ita ce farar hodar da kake sharewa a kan kujerar babur da safe. In kana son shaida cewa yankin nan ya taɓa zama ƙasar ruwa, a 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna ta jihar Yobe ta yanzu ya ci karo da kwalekwale, aka auna aka ga ya kai shekara 8,000. Kuma ƙurar ba a Legas take tsayawa ba. Wani kasonta yana tsallake Tekun Atilantika ya sauka har dajin Amazon a Kudancin Amurka, ya zama taki.

To me ya sa mu muke wata uku zuwa huɗu cikin hunturu, Legas kuwa sai ta yi 'yan kwanaki ya wuce? Iska biyu ce ke kokawa a kan Afirka ta Yamma. Akwai busasshiya mai zuwa daga arewa maso gabas, daga Sahara. Akwai mai laima mai zuwa daga kudu maso yamma, daga teku. Inda suka haɗu akwai kamar iyaka, kuma iyakar nan tafiya take. Da damina takan haura arewa ta wuce mu, ta wuce Maraɗi da Damagaram, sai iskar teku ta kawo mana ruwa. Daga Satumba sai ta juya kudu. Zuwa Disamba da Janairu takan je ta tsaya dab da bakin teku. Kun ga Legas a kan iyakar take zaune. Idan iskar Sahara ta yi ƙarfi ta ture ta cikin teku, sai Legas ta sha hazo na kwana biyar ko mako guda. Da ta sassauta, sai laima da zufa su dawo. A wurinsu hunturu baƙo ne mai kwana kaɗan. A wurinmu shi ne maigida.

Wannan bambancin har a suna ya fito. Kalmar da Turawa ke kiran iskar da ita, hamatan, a bakin teku suka tsince ta, wurin mutanen gaɓar Gana ta yau. A 1781 wani likitan Ingila, Matthew Dobson, ya wallafa bayani a kanta, inda ya kawo hazonta da bushewarta da yadda take sauƙaƙa wa marasa lafiya. Turawan gaɓa har laƙabi suka yi mata, suna ce mata Likita, don idan ta zo zufa ta ɗauke, sauro ya ragu, mutum ya yi barci.

Likita a can. Mu nan fa? Mu mun san ta da mura da tari da ciwon ido, da tashin asma, da gobarar da ke cinye rumbu da kasuwa don komai ya bushe. Mun san cewa a ƙarshenta, idan ƙura ta gama kankare hanci da maƙogwaro zafi kuma ya fara shigowa, lokacin sanƙarau ke nan. A 1996 annobar sanƙarau ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 11,000, kuma Kano na cikin inda ta fi yi wa ɓarna. Iska ɗaya, fuska biyu.

Yanzu mu zo kan mutane.

Tun kafin Bature, hunturu shi ne lokacin tafiya a ƙasar Hausa. Dalilin a fili yake. An gama kaka, an cika rumbu, koguna sun ja baya, hanya ta bushe, jaki zai iya wucewa. Lokacin ne madugu ke haɗa ayari. Fataken Kano, musamman Agalawa da Tokarawa, sukan ɗauki kanwa da rinannun tufafi da jemammun fatu, kuma gaskiya ɗaya ce, har da bayi, su haye Kwara ta wajen Yawuri, su ratsa ƙasar Bargu, su dangana da Salaga a ƙasar Gwanja, su sayo goro. Tafiyar watanni ce. Amma ku lura da irin tafiyar: mutum ya fita da haja, ya dawo da haja. Shi ke da jarinsa, shi ke yanka farashi.

Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa wannan kasuwa, Hausawa suka gangara Kumasi da Ankara suka kafa zango-zango. Daga cikin waɗanda suka gane cewa zamani ya juya akwai Alhassan Ɗantata, Ba'agale ɗan Bebeji, nan kudu da mu. Shi ya riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko, wato Legas. Ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma. Wato Bahaushe ya san bakin teku a matsayin attajiri kafin ya san shi a matsayin ɗan dako.

Me ya canza? Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903. Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga jama'a a 1912. Tafiyar da ake yi a watanni ta koma ta kwanaki. Agege, da ke kan layin kusa da Legas, ta zama matattarar goro da Hausawa. Sannan aka tsananta karɓar haraji da tsabar kuɗi, kuma bayan kaka ake karɓa, daidai shigowar sanyi. Magidancin da gyaɗarsa ta yi kyau ya sayar ya biya. Wanda tasa ba ta yi ba, ko ya sayar da hatsin da iyali za su ci, ko ya tura ɗansa neman kuɗi. Ga yunwar 1913 zuwa 1914, wadda tsofaffi suka sa wa suna Kakalaba, ta zo ta nuna wa talaka cewa rumbu kaɗai ba ya riƙe gida.

Kalmar ci-rani kanta ta faɗi komai. Ka je ka ci ranin a wani wuri, bakinka ya fita daga kwanon gida, hatsi ya kai iyali damina. In ka samo kuɗin haraji da na tufafi, riba ce. A ranin 1952 zuwa 1953 an kafa wuraren ƙidaya a hanyoyin fita daga lardin Sakkwato, aka lissafa fiye da mutum 200,000 da suka wuce, wani masani mai suna Mansell Prothero ya yi nazari a kan alƙaluman. Lardi ɗaya ke nan, a rani ɗaya.

Kakana na wajen uwa, mutumin wani ƙauye a ƙasar Kabo, yana cikin irin waɗannan. Yakan ce da an ɗaure dawa an kai gida, sanyi ya fara shiga ƙashi, sai su taka a ƙasa zuwa Kano, su hau jirgi. Aikinsa a Agege ɗaurin goro da dako. Ya ce alamar komawa gida ba kalanda ba ce. Ranar da ya ji iska ta juya, hadari ya fara haɗuwa ta wajen teku, ya san saura 'yan makonni ruwa ya isa gida, sai ya ɗaure kaya. Wato iyakar iskokin nan da na yi muku bayani, ita yake bi. Ta yi kudu ya bi ta, ta juyo arewa ya rigaye ta zuwa gona.

Akwai wani mako kuma da yanayin Legas ya shiga tarihin Kano da hawaye. Janairun 1973 wata ne na shagali a Legas. Ranar 1 ga wata aka fara kashe naira da kwabo a maimakon fam da sule. Daga 7 zuwa 18 ga wata aka yi gasar wasannin Afirka karo na biyu a sabon filin wasa na Surulere. Alhazai kuma suna ta dawowa daga Makka. Ranar Litinin 22 ga wata, tsakiyar hunturu, wani jirgi ƙirar Boeing 707 na kamfanin Alia na ƙasar Jodan, wanda Nigeria Airways ya yi haya, ya taso daga Jidda da alhazai zai sauka Legas. Yanayi ya ɓaci a Legas, aka juyo da shi Kano. Wajen sauka ƙafarsa ta karye, tankin mai ya fashe, wuta ta kama. Mutum 202 ne a ciki, 176 suka rasu, 26 suka tsira. A lokacin ba a taɓa yin haɗarin jirgin sama da ya ci rayuka haka ba a duniya. Allah ya jiƙansu da rahama. Har ta rasu, kakata da wannan take lissafin shekaru, takan ce wane an haife shi shekarar da jirgin alhazai ya ƙone.

Shekarar ba ta tsaya nan ba. Damunar 1973 ta zo da fari mafi muni da mutanen lokacin suka gani, dabbobi suka mutu, rijiyoyi suka ƙafe. A 1975 cuta ta faɗa wa gyaɗa ta karya nomanta, dalar gyaɗar Kano ta zama labari. A daidai lokacin kuɗin fetur ya fara malala a Legas, ana gina gadoji da tashoshin jiragen ruwa. Abin da ke kawo kuɗi a gida ya mutu, abin da ke kawo kuɗi a Kurmi ya bunƙasa. Ci-ranin wata huɗu ya fara zama na shekara, na shekara ya zama na shekaru. Gadi, ga-ruwa, wankin takalmi, yankan farce, daga baya acaɓa.

Amma kada mu ce ba wanda ya yi tunani. Gwamnan Kano na farko, Audu Baƙo, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, ya gane cewa matsalar ƙasar nan ba rashin ƙasa ba ce ko rashin hannu, rashin ruwa ne na wata bakwai. Ya sa aka fara tare koguna. Aka gama dam ɗin Tiga a 1974, aka buɗe noman rani a Kadawa. A kan wannan turba aka samu ƙananan madatsu a yankinmu: Guzu-Guzu da Magaga da Pada a tsakanin Kabo da Gwarzo, Watari a Bagwai, sannan babban dam na Challawa a Ƙaraye da aka kammala a 1992.

A nan ne hunturu ke nuna ɗaya fuskar tasa. Sanyin nan da muke kuka da shi, shi alkama ke so. Ana shuka ta daga tsakiyar Nuwamba don ta yi fure cikin ɗari, a girbe ta kafin zafin Maris ya tsananta. In aka makara, zafi ya cim mata, ta yi ƙaiƙayi. Tumatir da albasa da kabeji da karas duk sun fi yin kyau a wannan lokaci, don dare na da sanyi, laima ba ta da yawa, cututtukan ganye sun ragu. Legas ba ta da wannan sanyin, ba za ta taɓa noma alkama ba. Shi ya sa kwandunan tumatir ke tafiyar kimanin kilomita 1,000 daga Kura da Kadawa da Ɗanja zuwa kasuwar Mile 12. Abin da Allah ya ba mu ya hana su ke nan, kuma a lokacin da muka fi zaman banza ya ba mu shi.

To ga tambayar da nake so kowane matashi na Gwarzo da Kabo ya riƙe. Idan ruwan na kwance a dam, sanyin na nan kyauta, kasuwar na jira, me ya sa har gobe motar Legas ke cika da samari daga Getso da Kutama da Garo da zarar an gama girbi? Ku je bakin madatsun nan ku duba. Mai gona a gaɓa, mai halin sayen injin ban ruwa da fetur, shi ke noma. Wanda gonarsa ke da 'yar tazara sai dai ya hangi ruwa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, ko masu injin ma lissafi ya rikice musu, wasu sun koma gas, masu ƙarfi sun koma sola. Tare kogi rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne magudanar da za ta kai ruwan gonar talaka, da yashe ta duk shekara, da bashin iri da taki da zai zo a Nuwamba ba a Fabrairu ba, da wurin ajiya ko sarrafa tumatir don kada kwando ya faɗi warwas ranar da kowa ya girbe. An ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Mu namu ma a sama yake, an riga an tara mana.

Kada wani ya ji kamar ina raina 'yan ci-rani. Wallahi kuɗinsu ne ya rufa wa gidaje da yawa asiri. Da shi aka yi kwanon rufi, aka biya kuɗin jarrabawa, aka aurar da ƙanne. Ni kaina akwai kuɗin dako a cikin karatuna. Tafiya kuma gadonmu ce, ba wanda zai ce Bahaushe ya zauna wuri ɗaya. Abin da nake cewa, akwai bambanci tsakanin fitar Ɗantata da fitar yaron da ke kwana a ƙarƙashin gada. Na farko ya fita da zaɓi. Na biyu ya fita ne don zama ya gagara, kuma sanarwa ɗaya a rediyo na iya dawo da shi hannu rabbana, kamar yadda muka gani a 2020.

Saboda haka ga aikin gida. Da daddare idan an zauna jin ɗumi, ka matsa kusa da tsohon gidanku, ka kunna rikoda a wayarka, ka tambaye shi: Baba, wace shekara ka fara zuwa Kurmi, me ya fitar da kai, da me ka dawo? Wannan tarihin ba ya cikin littafin makaranta, kuma duk hunturu sai mun rasa wasu daga masu riƙe da shi. Sannan idan masu neman kujerar Gwarzo da Kabo suka zo da atamfa da taliya, a karɓe su da mutunci, a yi musu tambaya ɗaya: Ranka ya daɗe, kadada nawa ke samun ruwa a ƙarƙashin madatsunmu da rani, kuma nawa za ka ƙara? Wanda ya san amsar, ya san mu.

Kafin mu rabu, don Allah a kula da wuta. Kada a kwana da gawayi a ɗaki a rufe, hayaƙinsa ba ya wari amma yana kisa. A rufe wa yara ƙirji, a duba tsofaffi da almajiran unguwa, wanda ke da rigar sanyi biyu ya san inda zai kai ɗaya. 'Yan uwanmu da ke Agege da Mile 12 da Alaba Rago, idan kun tashi kun ga gari ya yi fari, gaisuwa ce daga gida. Allah ya tsare ku, ya dawo mana da ku lafiya.